Littafi ko Kundin Bayani na Kyauta: Wanne Mai Koyon Harshen Kwamfuta Zai Riƙa?

Tambayar da aka yi ita ce: "Ina son in fara koyon Python, kuma ban taɓa rubuta ko da layi ɗaya na kod ba. Wasu sun ba ni shawarar in sayi littafi, wasu kuma sun ce asarar kuɗi ce, tunda masu harshen sun zuba dukkan bayanansa kyauta a intanet. Wace shawara zan bi?"

Ɗan'uwa, tunda ka ce ba ka taɓa rubuta kod ba, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ta bi, shawarata ita ce ka samu rubutu guda ɗaya wanda aka tsara shi domin karantarwa, mai babi-babi da tambayoyin auna fahimta, ka bi shi tun daga farko har ƙarshe, sannan ka buɗe kundin bayanin da masu harshen suka rubuta a gefe tun daga makon farko, kana duba duk abin da littafin ya faɗa maka. Ko ka sayi rubutun nan da kuɗinka ko ka same shi kyauta, wannan ƙaramin al'amari ne idan aka kwatanta shi da tambayar da ta fi muhimmanci, wato don me aka rubuta shi, kuma wa marubucinsa yake yi wa magana.

Dalilin da ya sa na ce maganar kuɗi ƙarama ce shi ne, iyakar da ke tsakanin littafi da kundin bayani ba ta kai tsaurin da mutane suke zato ba. Harshen Rust, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a watan Mayun 2015, yana da cikakken littafi na karantarwa da masu kula da harshen suka tanada, ana karanta shi kyauta a intanet, ana iya buɗe shi a kwamfuta ba tare da intanet ba da umarnin rustup doc, kuma ana buga shi a takarda ana sayarwa. Idan aka koma baya kuma, littafin da Brian Kernighan da Dennis Ritchie suka fitar a kan harshen C a shekarar 1978, shi ne ya zama abin da masu rubuta manhaja da masu haɗa kompaila, wato manhajar da take fassara kod zuwa abin da kwamfuta take iya aiwatarwa, suke komawa gare shi idan an yi saɓani, har zuwa 1989 lokacin da hukumar ANSI ta Amurka ta fitar da ƙa'idar harshen a hukumance. A tsawon waɗannan shekaru, littafin sayarwa da kundin bayani abu ɗaya ne. Saboda haka abin da ya raba rubuce-rubucen nan na gaskiya shi ne aikin da kowanne yake yi: akwai wanda aka yi domin a karanta shi a jere, akwai wanda aka yi domin a leƙa a ɗauki abin da ake nema a rufe.

Bari mu ɗauki Python ɗin da kake son koya. Kundin bayaninsa ya ƙunshi manyan sassa uku da ya kamata ka sani. Akwai darussan gabatarwa, akwai bayanin laburaren da ke zuwa tare da harshen, wato tarin kod da aka riga aka rubuta domin ka ɗauka ka yi amfani da shi, akwai kuma bayanin nahawun harshen kansa, wanda aka rubuta da tsantsar ƙa'ida domin masu son sanin ainihin yadda kowace jimla take aiki. Mutanen da suke ce maka komai yana nan kyauta gaskiya suka faɗa, sai dai su kansu darussan gabatarwar an bayyana a farkonsu cewa an yi su ne domin wanda ya riga ya iya wani harshen kwamfuta yake son sanin Python, ba domin wanda bai taɓa shiga fagen ba. Suna ɗauka ka san mene ne mazubin da ake ajiye ƙima a cikinsa, ka san dalilin da ya sa ake maimaita umarni, ka san yadda ake kasa babbar matsala zuwa ƙananan matakai. Waɗannan kuwa su ne ainihin abin da mai farawa yake fama da su, domin a watannin farko abubuwa biyu kake koya a lokaci ɗaya: harshen, da kuma tunanin da ake yi kafin a rubuta komai da kowane harshe.

Ka buɗe shafin da ke bayanin abin da ake iya yi da rubutu a Python, za ka tarar da umarni fiye da arba'in an jera su bisa tsarin harufa, daga capitalize har zuwa zfill. Kowanne an yi masa bayani daidai, babu ƙari babu ragi. Amma shafin ba zai gaya maka cewa split da join da strip da replace za ka yi ta amfani da su kusan kullum ba, alhali kana iya yin shekaru ba ka buƙaci swapcase ko expandtabs ba. Ba aikinsa ba ne ya gaya maka haka, domin wajibinsa shi ne ya kawo komai, ya ba kowane abu haƙƙinsa. Mai farawa kuwa ba shi da ma'aunin da zai gane babba da ƙarami, sai ya ga duka arba'in da wani abu a matsayi ɗaya, ya fara ƙoƙarin haddace su, ya gaji, ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja. Na ga ɗalibai masu hazaƙa sun kusa ajiye karatun gaba ɗaya a daidai wannan gaɓar, kuma abin yana damuna, domin laifin ba nasu ba ne, kayan karatun da aka miƙa musu ne ba a yi shi domin matakinsu ba.

Abin da marubucin littafi mai kyau yake sayar maka, idan ka lura, shi ne zaɓin da ya yi a madadinka. Ya yanke shawarar abin da za ka fara sani, da abin da zai ɓoye maka sai babi na tara, da abin da ba zai ambata ba sam saboda ba ka buƙatarsa yanzu. Wannan ɓoyewar tana daga cikin manyan hidimomin da malami yake yi wa ɗalibi. Sannan ya san wuraren da masu koyo suka saba yin tuntuɓe, sai ya tsaya a nan ya tsawaita. Misali, a Python idan kana da jeri mai suna a, ka rubuta b = a, sannan ka ƙara wani abu a cikin b, za ka ga shi ma a ya sauya. Kusan duk mai farawa yana ɗauka ya yi kwafi ne, alhali abin da ya yi shi ne ya ba abu ɗaya suna na biyu. Kundin bayani ya faɗi wannan, amma a 'yan layuka, a wurin da ba lallai ne idonka ya kai ba sai bayan matsalar ta same ka. Littafin kirki zai zana maka hoto, ya sa ka yi hasashen abin da zai fito kafin ka gwada, ya bar ka ka yi kuskuren, sannan ya dawo da kai kan maganar bayan babi biyu ta wata fuskar, har ta zauna.

Tambayoyin auna fahimta su ma ba abin rainawa ba ne. Karanta kod yana ba mutum jin cewa ya gane, kuma wannan jin yakan yaudari mai shi. Sai an ba ka farin shafi an ce rubuta shirin da zai ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito a cikin wani rubutu, sannan za ka san ko ka gane ko ba ka gane ba. Kundin bayani kusan bai taɓa ba ka irin wannan aikin ba, shi kuwa littafi yana jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowanne ya dogara da iyakar abin da aka riga aka koya maka.

Yanzu kuma ga inda littafi yake da rauni, kuma raunin na gaske ne. Ranar da aka kai shi maɗaba'a ya tsaya cak, harshen kuwa yana ci gaba da tafiya. Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991, kuma a watan Disambar 2008 aka fitar da siga ta 3, wadda da gangan ta saɓa wa ta 2 a abubuwa da dama. A Python 2 ana rubuta print "sannu" ba tare da baka ba, a Python 3 kuwa dole ne a rubuta print("sannu"), in ba haka ba shirin ba zai ma tashi ba. A Python 2, idan ka raba 7 da 2 za ka samu 3, a Python 3 kuma 3.5. An daina kula da Python 2 daga ranar 1 ga Janairun 2020, amma littattafansa ba su ɓace daga kantoci da ɗakunan karatu da kwamfutocin mutane ba. Akwai wani ɗalibi da ya zo mini ransa a ɓace, ya ce kwana biyu ke nan yana kwafar misalin shafi na farko harafi-harafi, kwamfutar tana ƙi. Da na duba, babu abin da ya yi ba daidai ba. Littafin na Python 2 ne, kwamfutarsa kuwa Python 3 take ɗauke da shi. Ko a cikin siga ta 3 kanta, littafin da aka buga kafin ƙarshen 2016 bai san hanyar saka ƙima cikin rubutu da harafin f ba, wadda ta zo a 3.6 kuma yanzu ita ce kusan kowa yake bi, wanda aka buga kafin Oktoban 2021 kuma bai san umarnin match ba. A yanzu kowace shekara, a watan Oktoba, sabuwar siga take fitowa, kuma ana kula da kowace siga tsawon shekara biyar.

Irin wannan tsufan da kwamfuta take ƙin karɓar kod ɗinka ma da sauƙi, domin aƙalla ka san akwai matsala. Wanda ya fi haɗari shi ne tsufan da ba ya yin ƙara, inda kod ɗin zai yi aiki amma ka koyi ɗabi'ar da masana suka bari saboda dalili. Tsofaffin littattafan C da yawa sun koya wa mutane karɓar rubutu da gets, umarnin da ba shi da hanyar sanin girman wurin da yake zuba abin da ya karɓa, har ya zama ƙofar da masu kutse suke bi, kuma an cire shi daga ƙa'idar harshen a 2011. Tsofaffin littattafan PHP sun koya wa dubban mutane haɗa tambayar rumbun bayanai ta hanyar manna abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye a cikinta, da rukunin umarnin da suke farawa da mysql_, waɗanda aka cire a PHP 7 a ƙarshen 2015. An cire umarnin, amma ɗabi'ar mannawar ta zauna a hannun mutane da yawa, kuma har yau tana jawo satar bayanai. Littafin JavaScript da ya riga 2015 zai koya maka var kaɗai, ba zai san let da const ba, kuma har yanzu burauza za ta karɓi abin da ka rubuta ba tare da ta yi maka gargaɗi ba. A irin waɗannan, galibi kundin bayani na yanzu shi ne yake ɗauke da gargaɗin, sau da yawa a cikin akwati mai launi a saman shafin.

Sai dai ba komai ne yake tsufa da sauri iri ɗaya ba, kuma fahimtar wannan ita ce za ta shiryar da kai wajen kashe kuɗinka. A cikin littafi ɗaya ma, babin da yake fara mutuwa shi ne na yadda ake saukar da harshen a girka shi, da hotunan allon kwamfuta, da sunayen maɓallan manhajar rubuta kod. Bayansa sai babukan da suka dogara da laburaren da wasu mutane daban suka rubuta, musamman na gina shafukan intanet, waɗanda fasalinsu yake iya sauyawa cikin shekara biyu ko uku. Nahawun harshen kansa ya fi su daɗewa. Abin da ya fi kowa daɗewa kuwa shi ne tunanin da ke ƙarƙashi: yadda ake tsara bayanai, yadda ake neman abu cikin jeri, yadda ake auna ko wata hanya za ta yi nauyi idan bayanai suka yi yawa. Hanyar gano gajeriyar hanya da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 ana koyar da ita yau kamar yadda take, haka tsarin rumbun bayanai mai jadawali da Edgar Codd ya gabatar a 1970. Harsuna ma sun bambanta a nan. Masu harshen Go sun yi alkawari tun daga siga ta 1 a 2012 cewa kod ɗin da aka rubuta da ita zai ci gaba da aiki a sigogin da za su biyo, saboda haka tsohon littafin Go ba zai cika karye maka ba, ko da yake idan ya riga Maris ɗin 2022 ba zai san tsarin rubuta umarni ɗaya ga nau'o'in bayanai da yawa ba. Java kuwa tun daga 2018 kowane wata shida take fitar da sabuwar siga. Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne su sayi takarda a kan abin da yake sauyawa a hankali, su dogara da intanet a kan abin da yake sauyawa da sauri.

Akwai wani ruɗani kuma da ya kamata in warware maka, domin idan mutane suka ce "kyauta a intanet", abubuwa biyu mabambanta suke haɗawa. Na farko shi ne kundin da masu harshen suke kula da shi, wanda ake gyara shi tare da kod ɗin harshen, kuma kowace siga tana da nata. Na biyu shi ne tarin darussa da bidiyoyi da mutane daban-daban suka yi, wasu masana wasu kuma masu koyo ne irinka da suka riga ka da wata uku. Wannan rukuni na biyu yana iya fin tsohon littafi illa, saboda littafi aƙalla yana ɗauke da shekarar bugunsa a shafin farko, kuma galibi edita da wani masani sun duba shi kafin ya fito, darasin intanet kuwa sau da yawa babu kwanan wata a jikinsa, babu wanda ya tace shi, kuma injin bincike yana iya ɗora shi a sama saboda ya daɗe ana buɗe shi. Babbar cutarsa ga mai farawa ita ce yawansa. Mutum ya fara wannan, ya kai wuri mai wuya, ya ce malamin ne bai iya bayani ba, ya koma wancan, ya sake farawa daga yadda ake buga "sannu" a allo. Bayan wata shida ya san babi uku na farko ta hanyoyi bakwai, amma bai taɓa ƙetare wurin nan mai wuya ba, wanda kuwa shi ne karatun. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Amfanin littafi guda a nan shi ne ba ya ba ka mafita idan ka kai wurin, sai dai ka zauna ka yi fama da shi.

Ingancin kundin bayani shi ma ya bambanta daga harshe zuwa harshe, saboda haka da wani harshen ka ambata, da amsata ta ɗan sauya. Na Python da Rust da Go masu kyau ne ƙwarai. Ga JavaScript da sauran fasahar shafukan intanet, kundin MDN da Mozilla ta assasa shi ne madogarar yawancin masu aikin, kuma yana da sashe na musamman domin masu farawa. Amma C da C++ ba su da wani kamfani ko ƙungiya guda da ta rubuta musu darasin hukuma. Abin da suke da shi shi ne takardar ƙa'ida ta hukumar ISO, wadda sayar da ita ake yi, kuma an rubuta ta ne domin masu haɗa kompaila, da salon da ya fi kama da na dokoki. Wanda zai koyi C++ daga tushe ba shi da makawa sai littafi, kuma littafin da aka rubuta bayan 2011, domin sauyin da aka yi a wannan shekarar ya canza yadda ake rubuta harshen sosai.

Dalilin da ya sa na nace ka buɗe kundin bayani tun makon farko, duk da na ce ba da shi za ka fara koyo ba, shi ne karanta shi fasaha ce mai zaman kanta, kuma ita ce za ta ɗauke ka tsawon rayuwar aikinka. Littafi zai ƙare a shafi na ɗari uku ko biyar, aikin da za ka yi bayansa kuwa kusan kullum zai haɗa ka da laburaren da babu wanda ya rubuta littafi a kansa. Hanyar da nake ba da shawara mai sauƙi ce. Duk lokacin da littafi ya gabatar maka da sabon umarni, ka nemo shi a kundin, ka fara tabbatar da cewa lambar sigar da ke saman shafin ta yi daidai da wadda ke kwamfutarka, sannan ka karanta bayaninsa gaba ɗaya ko da rabinsa ne kawai ka fahimta. Idan littafi ya nuna maka sorted domin jera abubuwa, kundin zai nuna maka cewa yana karɓar key da reverse, kuma yana dawo da sabon jeri ne, saɓanin sort wanda yake sauya jerin a inda yake ya dawo da None, wato babu komai. Wannan bambancin kaɗai yana hana kuskuren da yake cinye wa masu farawa sa'o'i. Ka kuma saba da ƙananan bayanan da ke ƙasan kowane umarni, masu cewa an ƙara shi a siga kaza ko an sauya shi a siga kaza, domin su ne za su gaya maka ko littafinka ya tsufa a wannan gaɓar. Ko babu intanet, rubuta help(sorted) a cikin Python zai fito maka da taƙaitaccen bayani, kuma ana iya sauke kundin gaba ɗaya a ajiye a kwamfuta. Idan littafi da kundin sigarka suka saɓa, maganar kundin ce daidai. Haka nan duk amsar da ka samu daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, ka auna ta da kundin kafin ka yarda, domin suna iya kawo maka tsohuwar hanya ko sunan umarnin da babu shi, cikin jimla mai kama da ta wanda ya tabbata.

Idan ka tashi zaɓen littafin, ka fara da shafin da ke bayan take, inda shekarar bugu take, sannan gabatarwa, inda marubuci yakan faɗi sigar da ya yi amfani da ita da kuma wanda ya rubuta dominsa. Ga Python, kada ka karɓi abin da ba na siga ta 3 ba ko da kyauta aka ba ka, kuma ka fi son wanda bai wuce shekara huɗu ko biyar ba. Daga nan ka tsallake babin farko, domin kowane littafi yana da daɗin karantawa a farkonsa, ka buɗe tsakiya, inda ake bayanin abu mai wuya, ka ga ko marubucin yana gaya maka dalilin abu ko kuwa jera umarni kawai yake yi. Idan jerawa kawai yake yi, to kundin bayani ne aka buga a takarda, kuma na intanet ya fi shi sabunta. Ka duba ko akwai tambayoyin auna fahimta a ƙarshen kowane babi, da ko maɗaba'ar tana da shafin da take sanar da kurakuran da aka gano bayan bugu. Girma ba shi ne inganci ba. Bugu na biyu na littafin C ɗin da na ambata, wanda ya fito a 1988, bai kai shafi 300 ba. Idan kuma babu halin saye, kada wannan ya tsayar da kai ko kwana ɗaya, domin akwai cikakkun littattafan koyon Python na masu farawa da marubutansu da kansu suka sa a intanet kyauta bisa izini, kuma duk ma'aunin da na lissafa yana aiki a kansu. Su sun fi kwafin sata da ake yawo da shi, wanda ban da tauye haƙƙin mai shi, galibi tsohon bugu ne.

Yadda za ka karanta shi ya fi wanda ka zaɓa tasiri. Ka rubuta kowane misali da hannunka, kada ka kwafa ka manna, domin a wajen rubutawar ne za ka manta da baka ko ka ɓata tazarar farkon layi, ka ga saƙon kuskure, ka koyi karanta shi. A nan littafin takarda yana da wata fa'ida, tunda ba ya ba ka damar mannawa, kuma ba ya zaune a allo ɗaya da abubuwan da suke ɗauke hankali. Bayan misalin ya yi aiki, ka sauya wani abu a cikinsa, ka faɗi abin da kake zaton zai faru, sannan ka gwada. Duk inda zatonka ya saɓa da abin da ya fito, nan ne ya kamata ka tsaya ka bincika. Ka gwada haɗa 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004, kuma idan ka bi sawun dalilin za ka isa wani babi a darussan Python da ke bayanin yadda kwamfuta take ajiye lambobi masu ɗigo da tsarin sifili da ɗaya, bisa ƙa'idar IEEE 754 da aka kafa a 1985. A irin wannan lokacin ne kundin yake zama mai daɗin karantawa, saboda ka je masa da tambayarka.

Ma'aunin zai juya idan ka kai harshe na biyu. Wanda ya iya Python sosai, ya zo koyon Go, ba ya buƙatar a sake yi masa bayanin mene ne maimaita umarni. Abin da yake nema shi ne yadda wannan harshen yake rubuta abin da ya riga ya sani, da kuma inda ya saɓa wa wanda ya saba da shi. Darussan hukuma da 'yan kwanaki na gwaji sukan ishe shi, littafin masu farawa kuwa zai gundure shi. Daga baya littafi yana sake dawowa da wani matsayi, lokacin da mutum ya iya rubuta kod mai aiki amma yake son sanin yadda ake tsara babbar manhaja, ko yadda rumbun bayanai yake aiki daga ciki, ko yadda kwamfutoci suke magana da juna. Waɗannan batutuwa suna buƙatar doguwar hujja da ake ginawa babi bayan babi, kuma kundin bayanin wani harshe ba hurumin sa ba ne ya yi ta.

A matakin da kake, ka ware wata biyu zuwa uku ga littafi guda, kana zama da shi kullum ko da na minti arba'in ne, domin zaman kullum ya fi dogon zama sau ɗaya a mako. Idan ka kai kusan kashi biyu cikin uku, wato ka wuce jeri da ƙamus (hanyar ajiye kowace ƙima a ƙarƙashin sunanta) da rubuta naka umarnin da karanta fayil, ka fara wani ƙaramin aiki naka wanda babu shi a littafin, kamar shirin da zai karanta fayil ɗin maki ya fitar da matsakaicin kowane ɗalibi, ko wanda zai sake wa hotuna ɗari suna bisa ranar da aka ɗauke su. Nan da nan za ka buƙaci abin da littafin bai koya maka ba, wataƙila csv ko datetime ko pathlib, kuma dukkansu suna cikin laburaren da ke zuwa tare da Python. Ka buɗe shafinsu a kundin, ka fara da misalan da ke ciki, ka gwada su a kan fayil ɗinka, sannan ka koma ka ƙarasa babukan da suka rage.